Jigo, saƙo ko darasi: wace amsa ce ta cancanci maki?

Malama_Jekadafari
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Hausa nake koyarwa a wata sakandare a nan Gombe. Na yi wa 'yan aji biyar gwaji a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na ce kowa ya faɗi jigon littafin. Da na zauna duba takardu sai na ga amsoshin sun kasu gida uku. Wasu kalma ɗaya tak suka rubuta, wato bauta. Wasu suka cika shafi da labarin yadda aka sace Umar yana yaro, aka kai shi Kano, wani Balarabe ya ƙetara sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Wasu kuma suka ce jigon shi ne mu riƙa haƙuri da ƙaddara. Duk cikinsu ba wanda bai karanta littafin ba, kuma ba wanda ya yi ƙarya. To wa zan ba cikakken maki? Sannan da wane bayani zan rarrabe wa yaro tsakanin jigo da maudu'i da taƙaitaccen labari da darasi, yadda zai zauna masa a kai? Don Allah masu sani a taimaka.

Abban_Sadiq_Wunti
Wa alaikumus salam Malama. 'Yan rukunin farko su ne suka ci. A nazarin adabin Hausa da kalma ɗaya ko biyu ake ambaton jigo: wa'azi, yabo, gargaɗi, siyasa, soyayya, tarihi. Haka aka koya mana, haka muke koyarwa. Na biyun labari suka ba ki, na ukun kuma nasiha suka yi miki.

Ummu_Hanan
Malam Abban Sadiq, da girmamawa ban yarda ba. Ni adabin Ingilishi nake koyarwa a Bauchi, kuma idan yaro ya rubuta mini kalma ɗaya ba na ɗaukarta a matsayin jigo. Bauta abin da ake magana a kansa ne kawai. Marubuta biyu za su iya yin littafi a kan bauta, ɗaya ya nuna ta a matsayin zaluncin da ba shi da gafara, ɗaya ya nuna ta a matsayin jarrabawar da bawan Allah ke tsallakewa ya ɗaukaka. Idan duka biyun muka ce jigonsu bauta, me muka gano? Ba mu raba su ba sam. Dole yaro ya yi cikakkiyar jimla da za ta nuna me marubucin yake cewa game da bautar.

Abban_Sadiq_Wunti
Hajiya, wancan tsarinku ne na can. Mu ma muna da namu, malamanmu sun zauna sun tsara shi tun kafin a haifi wasunmu. Kada a auna mu da mudun wasu.

Dattijon_Azare
Ku yi haƙuri in sa baki, don na ga kowannenku ya riƙo gefe ɗaya na abu guda.

Gaskiya ne a tsarinmu da gajeren suna ake kiran jigo, amma ba a nan ake tsayawa ba. Wanda ya karanta hanyar nazarin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa, wadda aka fi sani da littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na 2007, ya san matakan da ke biyo baya. Akwai furucin jigo, wato wurin da mai waƙa ya faɗi abin da ya sa a gaba da bakinsa. Akwai jigo a gajarce, inda manazarci zai bi waƙar daki-daki ya taƙaita abin da aka faɗa ba tare da ya sa ra'ayinsa ba. Sai warwarar jigo, inda zai baje kolin fahimtarsa, ya kawo hujjoji daga cikin matanin, ya haɗa da tarihi da al'ada da addini. Jimlar nan da Ummu Hanan take nema tana nan a cikin tsarinmu, a warwara take fitowa. Abin da ya faru shi ne a makarantu da yawa an riƙe sunan an yar da sauran aikin, sai yaro ya ɗauka in ya ce "wa'azi" ya gama.

Saboda haka Malama, 'yan rukuninki na farko sun ambaci suna ba su warware ba. Na biyu sun yi wani abu mai kama da jigo a gajarce amma ba su san abin da suke taƙaitawa domin shi ba. Na uku kuwa sun tsallake zuwa darasi. Darasi namu ne mu masu karatu, shi ne abin da muka ɗauka muka tafi da shi gida. Alamarsa a rubutun yara ba ta ɓuya: duk inda kika ga "mu riƙa", "ya kamata mu", "kada mu", to yaron ya bar littafin ya koma yi wa jama'a huɗuba.

Ɗan_Misau
Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a kwalejin ilimi. Tambayata, wannan furucin jigon a waƙa ne kawai ake samunsa ko har a ƙagaggen labari?

Dattijon_Azare
Ɗana, a rubutacciyar waƙa ya fi sauƙin samu, domin mawaƙanmu sukan buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, sannan su ce ga abin da za su yi waƙa a kai. Sai dai ka kula, wannan buɗewar ba ita ce jigo ba. Na sha ganin ɗalibi ya karanta baiti biyu na farko ya ce jigon waƙa addini ne, alhali waƙar noma ce ko ta siyasa. Mabuɗi da marufi al'adar rubutu ce da muka gada tun daga malaman jihadi na ƙarni na 19. A labari kuwa da wuya marubuci ya tsaya ya ce maka ga jigona. Kai za ka tono shi daga abin da ya sami taurarin, da yadda labarin ya ƙare, da abin da ake ta maimaitawa.

Hauwa_Bajoga
Ni kafin a kai ga rabon maki ina da ja a kan cewa bauta ce babban jigon littafin nan. A duba yadda aka gina shi. Shaihu Umar dattijo ne malami a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba su labari. Mutumin da ke ba da labarin ba ya cikin ƙunci, ba ya zagin kowa, ba ya neman fansa. Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da shi garinsu Ber Kufa, riƙon ɗa ya yi masa, ya sa shi karatu har ya zama abin da ya zama. Wanda yake son ya la'anci bauta zalla ba zai ba Balaraben nan irin wannan kyakkyawan hali ba. Abin da na gani daga farko har ƙarshe shi ne mutum yana karɓar abin da Allah ya hukunta masa, kuma ilimi yana ɗaga shi daga inda mutane suka jefa shi. Don haka yaran nan na rukuni na uku sun fi kowa kusa da zuciyar littafin, lafazinsu ne bai yi daidai ba.

Bappa_Kumo
Hauwa ƙanwata, ga wata hanya da nake gwada jigo da ita. Ki cire abin daga cikin labarin ki ga me zai rage. Cire bauta daga littafin nan. Makau, mijin uwar Umar, me ya jawo masa sharrin fadawa har aka kore shi daga Kagara? Maganar bayin da aka kamo a hari ce. Me ya raba Umar da gida? Satar mutane. Me ya kai shi ƙasar Larabawa? Fataucin bayi ta sahara. Uwarsa da ta fita nemansa ita ma hannun masu cinikin ta faɗa. In kin zare wannan babu labari ko shafi ɗaya. Amma ki cire haƙuri, labarin zai tsaya da ƙafafunsa, Umar ne kawai zai zama mai fushi.

Hauwa_Bajoga
Yaya Bappa, wannan gwajin naka zai nuna maka abin da labari ya dogara a kai ne, ba lallai ya nuna maka jigo ba. Ai in ka cire sahara ma labarin ya rushe, shin sai mu ce sahara ce jigo? Zamanin bauta shi ne duniyar da aka dasa labarin a ciki. Kuma ka ce in an cire haƙuri Umar zai zama mai fushi kawai. To ai wannan wani littafi ne daban, ba wanda aka rubuta ba.

Bappa_Kumo
Sahara wuri ce, ba ta aikata komai da niyya. Bauta kuwa aikin mutane ce, kuma marubucin ya nuna mana ita ta kowace fuska: a fada, a daji, a kasuwa, a ayari. Wanda ya bi abu ɗaya ta fuskoki huɗu haka ba shimfiɗa kawai ya yi da shi ba.

Maman_Ilham_Dass
Kuna ta maganar bauta da haƙuri, ba wanda ya ambaci uwar. Ni wallahi duk lokacin da na karanta littafin nan ita ce take tsaya mini a rai. Mace ta bar mijinta da ƙasarta, ta jure wulaƙanci da ciwo, don kawai ta sa ɗanta a ido, kuma da ta gan shi ba ta daɗe ba ta rasu. In ɗalibata ta rubuta mini cewa jigon shi ne ƙaunar uwa ga ɗanta, ta kawo waɗannan hujjoji, hannuna ba zai iya ba ta sifiri ba.

Dattijon_Azare
Maman Ilham, kada ki ba ta sifiri, amma ki nuna mata ƙaramin jigo ta kamo. Tsintsiya tsinkayenta da yawa, maɗaurinta ɗaya. Ƙaunar uwa da hassadar fadawa da darajar ilimi duk suna ciki, kowanne yana da sashen da ya fi ƙarfi. Babban jigo shi ne wanda ya ratsa su duka ya ɗaure. Hassada ta yi aikinta a farkon littafin ta wuce. Labarin uwar ya yi ƙarfi daga tsakiya. Muhawarar Hauwa da Bappa ita ce ta gaske, domin abubuwan da suke magana a kai su biyun ne suka kai daga bango zuwa bango.

Sarkin_Yaƙin_Toro
Abin alfahari ne dai a ce littafin da ake wannan muhawara a kansa ɗan Bauchi ne ya rubuta. Yara da yawa sun san Tafawa Ɓalewa a matsayin Firayim Minista da hotonsa a jikin naira biyar, ba su san malamin makaranta ba ne lokacin da ya shiga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. An haife shi a 1912, ku lissafa shekarunsa a lokacin. Gasar nan ce ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko na boko. Ina roƙon malaman da ke kusa su riƙa kai ɗalibai kabarinsa da ke cikin garin Bauchi, akwai kayayyakinsa da aka adana a wurin. Yaron da ya ga wurin da idonsa karatun littafin zai fi shiga jikinsa.

Abban_Sadiq_Wunti
Wannan gaskiya ne. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ɗan_Misau
Amin. Amma malamai har yanzu akwai abin da bai fito mini ba. A takardun da ake ba mu ana cewa a fitar da muhimman ra'ayoyi ko tunane-tunanen da ke cikin matani, kamar 'yanci, adalci, mulki. Su ma jigogi ne ko wani abu ne daban?

Malam_Na_Gwallaga
Ɗan Misau, tunda an taɓo mutanen Bauchi bari in ba ka misali da wani nasu. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, yana da waƙa mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Kalmomi biyun nan da ke cikin sunan, kowace tunani ce mai zaman kanta: mulkin da jama'a ke zaɓen shugaba ba sarki, da mulkin da sarauta ke bisa. Malamin kimiyyar siyasa zai iya koyar da su shekara guda bai taɓa waƙa ba. Suna nan kafin waƙar, suna nan bayanta. To irin waɗannan su ne abin da takardarku take nufi. Mawaƙin ya ɗauko su ne ya yi aiki da su. Abin da ya yi da su shi ne ya gargaɗi sarakunan Arewa su gyara mulkinsu, su rungumi ilimi da adalci, tun kafin guguwar zamani ta yi awon gaba da sarautar kamar yadda ta faru a wasu ƙasashe. Wannan gargaɗin shi ne jigo. Ba za ka same shi a ƙamus ba, sai a cikin waƙar.

Saboda haka in aka ce maka 'yanci, ka tambayi kanka: 'yanci ya yi me? Wa ya rasa shi, wa ya nema, mawaƙin yana murna da shi ne ko yana tsoron a yi wasa da shi? Amsar da ka samu daga baitocin ita za ta kai ka ga jigo.

Ummu_Hanan
Alhamdu lillahi, Malam Na Gwallaga ya faɗi abin da nake ta ƙoƙarin faɗa. Ku lura bai tsaya a kan "gargaɗi" ba, sai da ya ce gargaɗin wa, a kan me. Da wannan ma'aunin bauta ma tunani ce da ke nan kafin littafin.

Malam_Na_Gwallaga
Haka ne Hajiya, amma ban yar da kalmar gargaɗi ba, da ita na fara. Tana da amfaninta, ita ke gaya maka dangin da waƙa ta fito. Wani abin kuma da ke ruɗa ɗalibai shi ne sunan waƙa. Shi dai Malam Sa'adu yana da Maraba da Soja, wadda ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu bayan 1945. Mai gaggawa zai ce jigonta maraba ce ko yabon soja, ya rufe littafi. Wanda ya bi ta a hankali zai ga mawaƙin ya yi amfani da dawowar sojan ne ya shigo da maganar 'yanci da halin da ƙasa take ciki. Dalilin yin waƙa daban, inda ta dosa daban.

Zakiru_Nafaɗa
A ɓangaren waƙar baka ma akwai wannan. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero turke yake cewa a inda masu rubutacciyar waƙa suke cewa jigo, kuma ya yi maganar tubalan ginin turke, wato ƙananan saƙonnin da ke tallafa masa. Ka ɗauki waƙar makaɗin fada. Turkenta yabon sarki ne, kuma sau da yawa a amshi za ka ji shi. Amma a ciki za ka ji an kawo asalin sarkin da kakanninsa, an zuga shi, an yi wa 'yan'uwansa masu neman sarautar zambo da habaici, an yi roƙo, an yi godiyar doki ko riga. Ɗalibi yakan ji zambon ya fi daɗi a kunne sai ya ce shi ne turke. A'a. An rage darajar abokin hamayya ne don ta sarki ta ƙara fitowa, wato zambon ma yabon yake yi wa hidima. Tambayar da nake ba ɗalibaina ita ce: wannan ɗan waƙar, wato baitin, wa yake yi wa aiki?

Inna_Talatu_Ningi
Ni a firamare nake, kuma ina ganin tun daga wurinmu ake ɓata abin. Duk tatsuniyar da muka ba yara da "wane darasi kuka koya" muke rufewa. Yaro ya shekara shida yana jin haka, ya je sakandare a ce masa jigo, dole ya ba da darasi, don shi kaɗai ya sani.

Yanzu na canza. In na ba su tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda aka tura 'yar bora wanki ruwan Bagaja, tambaya uku nake yi, kuma ba na haɗa su rana ɗaya. Ta farko, me ya faru? Sai su ce an ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba, ta tafi, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da wahala. Ta biyu, a kan me ake magana? Sai ka ji kishi, ladabi, son kai a gidan mata biyu. Ta uku, tatsuniyar me ta nuna game da waɗannan? A nan ne wata yarinya ta ce mini, wanda aka wulaƙanta a gida halinsa na iya ɗaga shi, wanda aka shagwaɓa gatan na iya kashe shi. Ban ce mata wannan ne jigo ba, don ba su kai nan ba, amma na san ranar da za a tambaye ta ba za ta ruɗe ba. Darasi sai a ƙarshe, in ma lokaci ya rage.

Malama_Jekadafari
Inna Talatu Allah ya saka da alheri. Wannan tambaya ukun zan ɗauka kai tsaye, ko manyan ma za ta yi musu amfani.

Bappa_Kumo
Wata dabara kuma, a ce yaro ya nemo karin maganar da ta dace da labarin. In ya ce mahaƙurci mawadaci, ko alhaki kwikwiyo ne, ko in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, to ya kamo saƙon a jimla ɗaya kuma da harshen gida.

Hauwa_Bajoga
Tana da kyau a matsayin mataki, amma ina jin tsoronta. Karin magana riga ce da aka ɗinka tun kafin a haifi labarin, yara za su riƙa cusa kowane littafi a cikin guda biyar ɗin da suka haddace. Kuma Yaya Bappa, ka lura mahaƙurci mawadaci ka fara kawowa, wadda ita ce maganata tun ɗazu.

Bappa_Kumo
Misali na bayar ƙanwata, ban sauka daga kan bauta ba.

Marubuciya_Pantami
Bari in yi magana ta ɓangaren masu rubutu, don ina ɗan taɓa rubuta labarai ina sakawa a intanet. Ban taɓa zama na ce yau zan rubuta jigo kaza ba. Wata mace nake gani a raina, da matsalar da take ciki, sai in bi ta. Sai na gama wani lokaci nake gane abin da ya dame ni har na rubuta. Shi ya sa nake jin ciwo idan aka kwashe littattafan da mata suka yi ta rubutawa tun daga shekarun 1980 aka ce duk jigonsu soyayya. Da yawansu saurayi da budurwa ƙofar shiga ce kawai. Ciki auren dole ne, da cire yarinya daga makaranta, da sakin wulaƙanci, da halin da 'ya'ya ke shiga in gida ya rabu. Wanda ya ce soyayya ya yi shiru bai karanta ba, bango ya kalla. A nan ina bayan Ummu Hanan ɗari bisa ɗari, kalma ɗaya tana iya zama hanyar raina aikin mutum.

Abban_Sadiq_Wunti
Wannan kuma laifin mai nazarin ne da bai karanta ba, ba laifin tsarin ba. Da ya karanta da "auren dole" zai ce, kalma biyu, kuma ya yi daidai.

Ɗalibi_Kashere
Malamai ku yi mana adalci ta wani gefen. Duk wannan bayanin mai kyau ne, amma mu a aji abin da muke fuskanta daban. Na taɓa rubuta jigon wata waƙa da hujjoji na baitoci, malamin ya soke duka saboda ba kalmar da ke cikin takardarsa na yi amfani da ita ba. Shi ya rubuta faɗakarwa, ni na rubuta gargaɗi. Tun daga ranar na koma haddace abin da aka ba mu. In ana so mu yi tunani, sai a bar mana ƙofar yin sa.

Dattijon_Azare
Ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma ina roƙonka kada ka bar tunani saboda shi. Wa'azi da gargaɗi da faɗakarwa da nasiha maƙwabtan juna ne. Masana kan ware wa'azi ga abin da ya jingina da lahira, da tsoratarwa da azaba da kwaɗaitarwa da aljanna, su bar gargaɗi da faɗakarwa ga al'amuran zaman duniya, amma tsakanin biyun nan na ƙarshe ko malamai ba su gama daidaitawa ba. Malamin kirki hujja yake dubawa. A jarrabawa ka yi abu uku a jere: ambaci jigon da sunansa, ka fassara shi da jimla ɗaya da ta shafi wannan matanin kaɗai, ka kawo wurare biyu ko uku da suka tabbatar. Ko mai dubawa yana da wata kalma a hannunsa, zai yi masa wuya ya hana ka komai.

Malama_Jekadafari
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Ga abin da na yanke game da takardun. Masu kalma ɗaya zan ba su rabi, in rubuta musu "bauta ta yi me?" a gefe. Masu ba da labari zan ba su kaɗan saboda sun nuna sun karanta. Masu haƙuri da ƙaddara ne har yanzu nake juyayi, don bayan maganar Hauwa na kasa cewa sun kauce.

Ummu_Hanan
Ki ba su daidai da na farko. Su sun yi jimla amma ta huɗuba, waɗancan sun kawo suna ba jimla. Kowa rabin aiki ya yi.

Abban_Sadiq_Wunti
A'a Hajiya. Tambayar cewa ta yi a faɗi jigo, ba a ce a warware ba. Yaron da ya ce bauta ya amsa abin da aka tambaye shi, bai kamata a rage masa don abin da ba a nema ba. In Malama tana son warwara sai ta rubuta a tambayar: kawo babban jigon littafin tare da hujjoji daga cikinsa.

Zakiru_Nafaɗa
Nan kam Abban Sadiq ya yi gaskiya. Yawancin rikicin daga yadda muke tsara tambaya yake tasowa.

Hauwa_Bajoga
Malama, kafin ki sa maki ki kira biyu daga cikin masu haƙurin nan ki tambaye su a ina suka gani. In yaro ya ce miki ga yadda Makau ya karɓi korar da aka yi masa, ga yadda Umar yake ba da labarin wahalarsa ba tare da ɗaci ba, to jigo ya gano, "mu riƙa" ɗin ce kawai za ki goge masa. In kuwa ya ce ai kowane littafi haƙuri yake koyarwa, wannan bai cancanci ko rabin ba. Yaya Bappa kuma ina jiranka da wuri ɗaya a littafin inda Shaihu Umar da bakinsa ya la'anci bautar.

Bappa_Kumo
Ba sai ya la'anta da baki ba, Dattijo ya riga ya ce a labari ba a jiran furuci. Abin da ya sami uwar ya isa la'ana. Amma littafin yana gida, in na koma da yamma zan sake bin sashen ayarin da na Kano in kawo miki shafukan.